Masu babur a Jidda da Riyad, ga abin lura lokacin zafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu kai saƙo da abinci. Zafi da ƙura ne ke kashe mana injin, kuma yawanci daga baƙin mai ake fara kuskure.

Kada ku zuba wa babur baƙin man mota. Kulocin babur a cikin mai yake, shi kuwa man mota yana da sinadarin da ke sa kulocin santsi: ka murɗa totur injin ya yi ƙara, babur bai ja ba. Ku duba jikin galan, ku nemi mai alamar JASO MA ko MA2, 10W-40 ko 20W-50. Ƙananan babura masu injin 125cc ko 150cc kusan lita 1 suke sha, kada a wuce layin sama na ma'aunin.

Sarƙa kuma a wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ta bushe, sannan a sa mai kaɗan, kowane kilomita 500. Idan mai ya yi yawa yashi ke mannewa, ya ci haƙoran sifirkit, wato faifan da sarƙar ke hawa. A taɓa sarƙar da yatsa a tsakiya, motsinta ya zama santimita 2 zuwa 3.

Iskar taya a auna da sassafe kafin a hau titi. Wadda aka auna da rana awon ƙarya ne don zafi na sa ta hau, kada a rage ta.

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba hukuma ta hana aiki a rana tsakanin ƙarfe 12 da 3. Don Allah a nemi inuwa, a sha ruwa.