Darasi na 9: In Kuɗin Giya Ya Hau, Ina Mai Sha Yake Komawa?

Yawancin waɗanda ke zaune a wannan aji ba su shan giya. Musulunci ya haramta ta, aya ta 90 cikin suratul Ma'ida ta faɗa a fili, kuma mutum yakan tsufa a Yamai bai taɓa leƙa mashaya ba. Amma kuɗin da ake zubawa a can daga cikin gidajenmu suke fita. Wata mijinta ne, wani ƙanensa ne, wani kuwa yaron shagonsa ne da ke karɓar kuɗin mako ranar Asabar, ya wayi gari Litinin ba ko dala. Shi ya sa muka sa wannan darasi cikin babin kuɗin gida.

Mutane da yawa kan ce, "Bari ta yi tsada, ai zai bari." Za mu karanta, mu yi lissafi, mu ga ko haka ne. Farashin da ke cikin darasin na koyon lissafi ne. Kowa ya san yadda kasuwa take, yau nan gobe can.

Karatu

Wani magini yana aiki a Bukoki tare da ɗan ƙanwarsa, wanda ke kwaɓa masa siminti. Ranar Talata da hantsi yaron ya aje shebur, ya matso, ya rusuna.

"Kawu, don Allah ka ba ni jika biyu cikin kuɗin mako mai zuwa."

"Ranar Asabar na biya ka, ɗana. Ina suka shiga? Ko dai shaye-shayen nan ne?"

"Wallahi Kawu na rage. Tun da babbar kwalba ta tashi daga dala ɗari da sittin ta koma jika guda na bar ta. Yanzu ƴar leda nake saye, dala ashirin kawai."

"Guda nawa a dare?"

"Kamar biyar."

"Da can kwalba nawa kake sha a mako?"

"Shida. Biyu ranar Asabar, biyu Lahadi, biyu tsakiyar mako."

"Yanzu fa, dare nawa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Kullum, ban da Juma'a."

Maginin ya tsinci gawayi a ƙasa, ya jawo takardar buhun siminti, ya shimfiɗa ta bisa bulo, ya danne gefenta da cokalin gini don kada iska ta ɗauke. Ya ce, "Zauna nan. Wancan mako kwana huɗu ka yi mini aiki, ba shida ba. Bari mu rubuta duka."

Daga tamma zuwa dala

Kafin mu bi lissafin magini, mu tuna abin da ke rikita mutane da yawa. Da baki muna ƙirga kuɗi da dala, amma a takarda da jikin allon mai shago da tamma ake rubutawa, wato faran sefa. Dala ɗaya tamma 5 ce. Dala ashirin 100 F, dala ɗari 500 F, jika guda 1.000 F.

Ga dabara mai sauƙi. Ka ga an rubuta 800 F. Rufe sifirin ƙarshe da yatsa, saura 80. Ninka biyu, 160. Dala ɗari da sittin ke nan. Ku gwada a allo da 600 F, da 250 F, da 1.200 F.

Lissafin magini

Da can: kwalba 6 sau 800 F, ya kama 4.800 F a mako.
Da ya ci gaba da kwalba a sabon farashi: 6 sau 1.000 F, 6.000 F.
Yanzu: leda 5 sau dare 6, leda 30. Sau 100 F, 3.000 F.

Yaron bai yi ƙarya ba. Kuɗin da yake miƙa wa mai sayarwa sun ragu. Sai dai akwai lambar da bai duba ba, kuma tana rubuce a jikin kwalba da jikin leda, kusa da wannan alama: %. Ana karanta ta "kashi cikin ɗari". Ita ke faɗin ƙarfin abin da ke ciki. Giyar kwalba ta yau da kullum tana ɗauke da wajen 5%. Barasa mai zafi, irin su wiski da ake ƙullawa a leda, takan kai 40%.

Babbar kwalba santilita 65 ce (santilita 100 ke yin lita ɗaya). Kashi 5 cikin ɗari na 65 ya ba mu santilita 3 da ɗan ɗoriya na tsantsar abin maye, sauran duk ruwa ne. A ce leda santilita 5 ce. Kashi 40 cikin ɗari na 5 ya ba mu santilita 2. To, leda biyu na 200 F sun fi babbar kwalba ta 1.000 F bugarwa.

Mu haɗa na mako. Kwalba 6 ba su wuce santilita 20 ba. Leda 30 kuwa santilita 60 ne. Yaron da ke rantsuwa ya rage, abin da ke shiga jininsa ya ninka uku. Hantarsa ba ta san dala nawa ya biya ba.

Sai kwana biyun da ya kasa tashi. A ce ladansa 2.500 F ne a yini. Kwana biyu 5.000 F. A tara da 3.000 F na leda, 8.000 F a mako, cikin 15.000 F da ya kamata ya kawo gida. Ba mu sa kuɗin magani ba tukuna. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Malami ya tsaya nan, kada ya yi gaggawa. A bar kowa ya sake wannan lissafi da hannunsa cikin kaye, ko da zai cinye sauran lokacin yau. Wanda ya gane shi ya gane darasin.

Me ke sa kuɗin ya hau?

Ana dafa giyar kwalba da tsiron sha'ir, kuma ba mu noma shi a nan, daga waje ake kawo shi. Kamfanin Braniger da ke Yamai, mai giyar nan da hoton raƙumin dawa, ya rufe a 2019. Kwalabe da gwangwanaye na ƙasashen maƙwabta sun cika kasuwa. Nijar ba ta da bakin teku. Daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano zuwa Yamai wajen kilomita 1.000 ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, manyan motoci suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara nisa, kuɗin mota ya ƙaru. Ga kuɗin duwan, ga harajin kayan saye, wato TVA, na 19%, ga haraji na musamman da hukuma ke ɗora wa giya da taba. Mai mashaya kuma ya ƙara nasa na haya da wutar firji. Duk wannan yana cikin jikan da ake miƙawa. Dattawanmu sun ga irin haka a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk kayan waje suka yi tashin gwauron zabi.

Abin da masu sha suke yi

Ba duka suke bin hanya ɗaya ba. Mai albashi mai kauri, wanda ya saba da tambari ɗaya, yakan yi tsaki ya biya. Ƙarin dala arba'in ba ya taɓa tukunyar gidansa.

Akwai mai komawa ƙaramar kwalba, don ita ce daidai da abin da ke aljihunsa a wannan dare. Mu duba. A ce ƙarama mai santilita 33 tana 600 F. Biyu sun zama santilita 66, kusan daidai da babba guda, amma kuɗinsu 1.200 F. Ya biya ƙarin 200 F yana ganin ya yi tattali. Wannan ba a giya kaɗai yake ba. Haka sukari na ƙulli yake, da mai na ludayi, da taba kara-kara. Mai ƙaramin ƙarfi yana saye kaɗan-kaɗan, kuma shi ke biyan mafi tsada.

Akwai mai barin mashaya ya saya a shago ya sha a ɓoye, don kada ya haɗu da abokai. A teburin mashaya in an saya maka, dole ka rama, kunya ba ta bari ka tashi. Mutum ya fito da niyyar kwalba ɗaya ya tarar ya biya huɗu. Akwai kuma mai shiga littafin bashi. Wannan shi farashi ya daina yi masa magana sam, don ba ya ganin kuɗi suna fita daga hannunsa. Sai ƙarshen wata mai mashaya ya buɗe kaye, rabin albashi ya tafi kafin a auno tiya ɗaya ta hatsi. Ku tuna, mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke a ƙasarmu 42.000 F ne a wata tun Janairun 2024. Babbar kwalba ɗaya kullum, a jika guda, 30.000 F ce a wata.

Hanyar da ta fi tayar da hankali ita ce ta yaron magini: sauka daga mai tsada zuwa mai araha mai ƙarfi. Daga kwalba zuwa burkutu, daga burkutu zuwa leda, daga leda zuwa wadda ake zubawa daga jarka ba suna ba takarda. Irin wannan ta ƙarshe wani lokaci takan zo da guba mai suna metanol, wadda ke makantar da mutum ko ta kashe shi. In wanda ya sha irin ta ya ce yana gani dishi-dishi, ga amai da ciwon ciki, a kai shi asibiti nan take, kada a ce barci zai warware shi.

Wanda jikinsa ya riga ya kamu, har hannunsa na rawa da safe in bai sha ba, tsada ba ta tsayar da shi. Kuɗin cefane yake taɓawa, da na makarantar yara. Shi ba gori yake bukata ba, likita yake bukata, don yanke sha farat ɗaya ga irinsa yakan kawo jijjiga mai haɗari.

To, tsada ba ta da amfani ke nan? Tana da shi. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna in kuɗin giyar kwalba ya hau da kashi 10 cikin ɗari, shanta yakan ragu, amma da ƙasa da kashi 5. Samari masu fara koyo su ne tsada ta fi korewa, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2,6 a shekarar 2019, kuma tana ba ƙasashe shawarar ƙara mata haraji. A ganina, gyaran yana tsayawa rabi in aka tsadada kwalba aka bar leda a dala ashirin kusa da makaranta da tashar ƴan kabu-kabu. Wasu ƙasashe sun lura da haka. Kodebuwa ta hana barasar leda a 2016, Tanzaniya a 2017, hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta yi shelar hana ta a Fabrairun 2024. Sikotland kuma tun Mayun 2018 ta yanke farashin da ba a sauka ƙasa da shi, gwargwadon ƙarfin abin sha, don mai ƙarfi kada ya zama shi ne mai araha.

Aiki

Ku rubuta da haruffa, da dala ko jika: 100 F, 600 F, 4.800 F, 30.000 F.

Kwalba ta tashi daga 800 F zuwa 1.000 F. Nawa aka ƙara? Mai shan 6 a mako, nawa ya ƙaru masa a mako huɗu?

Ku tambayi kuɗin tiyar hatsi yau a Katako ko Wadata. Da 8.000 F na yaron magini, tiya nawa za a auno?

Ku zauna uku-uku. Ɗaya ya zama magini, ɗaya yaron, na uku ya riƙe alli yana rubuta lambobin da suka faɗa. Maginin ba zai yi zagi ba, tambaya kawai zai yi.

Aikin gida: kowa ya zaɓi abu ɗaya da ake saye kullum a gidansa da ƴan canji, ganyen shayi ne, goro, taba ko katin waya. Ya rubuta kuɗinsa kowace rana har kwana bakwai, ya tara, ya ninka huɗu. A zo da kaye ranar darasi na gaba, tare da kwalin ko ledar abin, don mu karanta nauyin da aka rubuta a jiki.