Kama siginar tayoyin mota da RTL-SDR: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

RTL-SDR ƙaramar na'ura ce da ake soka wa kwamfuta ta USB don kama siginar rediyo, asalinta ta kallon talabijin ce. Yawancin masu cewa tasu ba ta kama komai a bakin titin Damagaram, na'urar lafiyarta lau. Ba su san lokacin da tayar mota ke magana ba ne, da kuma mitar da take magana a kai.

Abin da ake kamawa shi ne saƙon TPMS, ƙaramar na'ura mai batir da ke maƙale a gindin bawul cikin taya. Tana aika lambarta, ƙarfin iska da zafin taya. Don batirin ya yi shekaru, barci take yi idan mota na tsaye, sai gudu ya kai wajen kilomita 20 zuwa 30 a awa take farkawa, ta aika ɗan gajeren saƙo kamar sau ɗaya a minti. Wanda ya kafa eriya gaban motar da ke ajiye a gareji zai wuni bai ga ko layi ɗaya ba. A nemi inda motoci ke gudu sosai, kamar hanyar RN1 a bayan gari. Cunkoson Kasuwar Dole ba zai ba da abin kirki ba, kabu-kabu kuwa ba su da wannan na'ura.

Sai mita. Manhajar rtl_433, wadda ke fassara saƙon da RTL-SDR ta kama, tana buɗewa ne a kan 433.92 MHz, wadda motocin Turai ke amfani da ita. Na Amurka galibi a 315 MHz suke, kuma motocin da ke shigo mana ta Kwatano sun haɗa duka biyun. A rubuta -f 433.92M -f 315M -H 60 bayan sunan rtl_433, manhajar ta riƙa sauya mita kowane daƙiƙa 60. Amma a sani, duk saƙon da ya zo tana ɗaya gefen ya wuce ke nan, shi ya sa mai hali gara ya sa na'ura biyu. Ko da hakan, tsofaffin motoci da yawa shiru za a ji: a 2007 aka wajabta tsarin a Amurka, a Turai kuma sai Nuwamban 2014. Wasu sababbin ma ba sa aika komai, don ta juyawar taya suke gane iska ta ragu.

Eriya ita ce aka fi rainawa, alhali ita ce rabin aikin. Tsawonta ya zama rubu'in zangon igiyar: santimita 17.3 ga 433.92, santimita 23.8 ga 315. Wayar tagulla mai kauri ta isa, a tsayar da ita a kan faifan ƙarfe, ko murfin tukunya ne. Siginar taya raunanniya ce, daga ƙasa take fitowa, ƙarfen mota ya tare wani sashe. Kada a zauna cikin ɗaki mai rufin kwano. A fito da eriya waje tana kallon titi, a gajarta wayar da ke tsakaninta da na'ura, a ƙara tsawon ta gefen USB.

Ƙure ƙarfin karɓa har ƙarshe ma kuskure ne. Tashoshin FM na cikin gari, tsakanin 88 da 108 MHz, sai su cika kunnen na'urar, ƙaramin saƙo ya nutse. A fara da -g 30 (da -g ake saita ƙarfin karɓa), a ƙara -M level don ganin ƙarfin kowane saƙo, a riƙa hawa sannu-sannu.

Zafinmu na Afrilu da Mayu yana da nasa sharrin. Na'ura mai araha wadda ba ta da TCXO, wato sashen da ke riƙe mita daidai duk da zafi, mitarta kan zame idan ta ɗumama; kuskuren ppm 50 (kashi 50 cikin miliyan) a 433 MHz ya kai kusan kHz 22. A bar ta ta yi minti goma tana aiki, a gwada da rtl_test -p, a sa adadin da ya fito bayan -p a rtl_433. A ajiye ta a inuwa.

Idan kwamfuta ta ƙi ganin na'urar kwata-kwata, ta ɗauke ta a matsayin ta kallon talabijin ne. A Windows a sa direban WinUSB ta hanyar manhajar Zadig, a Linux a toshe direban talabijin mai suna dvb_usb_rtl28xxu.

Wajen karanta sakamako, wasu kan ga ƙarfin iska 230 su firgita. Wannan kPa ne, wato bar 2.3, kusan 33 a gejin mai faci. Tayar da ta sha kwalta da rana iskarta kan hau, don haka a haɗa da zafin kafin a ce ta cika da yawa.

Masu neman saƙon da motoci ke yi wa junansu a 5.9 GHz su haƙura, RTL-SDR iyakarta wajen 1.7 GHz ne.

Lambar kowace taya ba ta canzawa, ke nan da ita ana iya bin sawun mutum. A yi gwaji da motar gida, ko ta wanda ya yarda. Lambobin motocin jama'a da suka faɗo cikin fayil a goge su, kada a watsa. Makullin mota ma a waɗannan mitocin yake, ba hurumin mai koyo ba ne.