Darasi na 7: Aiki da Injin Zarto Ba Tare da Rasa Yatsa Ba

Aikin da kafinta zai yini yana fama da shi da zarton hannu, injin zarto na tebur zai gama shi cikin 'yan mintoci. Faifan zarton yana juyawa kusan sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya. A wannan gudun ba ya bambanta katako da yatsa, kuma kafin mutum ya ji zafi, aikin gama ya gama.

Kowa yana tsoron haƙoran da ke gabansa. Amma akwai wani babban haɗari da ke fitowa daga bayan faifan. Idan katako ya karkace, ko tsagar da aka yanka ta matse faifan, haƙoran baya sukan cafki katakon su harbo shi kan mai aiki da ƙarfin gaske. Ya bugi ciki, ƙirji ko fuska. Abin da ya fi muni, hannun da ke danne da katakon sai ya zarce kan haƙora. Saboda haka kada ka tsaya daidai saitin faifan, ka ɗan koma gefe. Akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a bayan faifan, aikinsa hana tsagar matsewa. Wasu sukan cire shi, su cire har da murfin zarton, wai suna rage musu sauri. Wannan ganganci ne, kada ka yi koyi da su ko da sun fi ka daɗewa a sana'ar.

Ka saita faifan ya ɗan zarce kaurin katakon kaɗan kawai. Katakon ya riƙa bin madogarinsa na gefe, wato miƙaƙƙen shingen da ke kan tebur a gefen faifan, ba a yanka da ka. In ya kusa ƙarewa, ko siriri ne, ɗauki sandar turawa. Guntun katako ne mai ɗan tsaga a baki, kai da kanka za ka iya yin ta. In zarto ya ci ta, ka yi wata.

Ba a sa safar hannu a wajen injin da ke juyawa, domin haƙori ɗaya in ya kama zare, zai ja hannun gaba ɗaya. Haka riga mai faɗin hannu, zobe da agogo. Tsohon katako kuwa, duba shi da kyau ka cire ƙusoshi. Faifan da ya dakushe ma a canza shi, don shi ke sa mutum turawa da ƙarfi har hannu ya zame.

Ka kashe inji ba yana nufin faifan ya tsaya ba. Jira ya tsaya cik kafin ka share guntaye. Kafin canza faifai, zare filogi daga soket. In an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, kashe injin nan take, don kada wuta ta dawo hannun wani yana kai.

Akwai illar da ba a gani sai bayan shekaru. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tana lalata ji in ana yini cikinta, kuma injin zarto yakan wuce haka nesa. Ƙurar katako tana jawo asma, kuma tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji, musamman cutar dajin cikin hanci. Sa abin toshe kunne, tabarau na kariya da takunkumin hanci mai tace ƙura.

In tsautsayi ya auku, danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle, ɗaga hannun sama, a garzaya asibiti. Idan yatsa ya guntule, a naɗe shi da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan damshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A tafi da shi tare da mai raunin, domin wani lokaci likitoci sukan iya mayar da shi.