Idan aka ce maganin sankarar jini ya daina ci

Ni mai harhaɗa magani ne a nan cikin birnin Kano. Sau da yawa mutum zai shigo min da kwalin imatinib, maganin sankarar jini, a leda, ya ce, "Malam, maganin nan ya daina yi wa Baba aiki." Ba na saurin yarda, sai mun bi abin daki-daki.

Fara da ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalin. Mai sankarar jini nau'in CML, wato wadda ke tafiya sannu a hankali, kullum yake shan maganin, amma da yawa da sun ji ƙarfin jiki sai su fara tsallake kwana, wasu kuma kuɗi ne ya yanke. A watan azumi ma ana samun haka, alhali sauya lokacin sha kawai ake bukata, da shawarar likita.

Sai ka tattaro duk abin da yake sha, har jiƙe-jiƙen gargajiya, ka kai wa likitan jini, kamar na Asibitin Malam Aminu Kano. Rifampicin na tarin fuka, misali, yana sa hanta ta yi saurin kawar da imatinib daga jiki.

In duk wannan lafiya lau ne, to a nemi gwajin BCR-ABL, wanda ke nuna yawan sankarar da ta rage a jini, kuma a duba ko ƙwayoyin sankarar sun sauya kama. Imatinib, wanda ya fito a 2001, kamar makulli yake da ke toshe sinadarin BCR-ABL ɗin nan, mai sa ƙwayoyin sankara hayayyafa. Da sinadarin ya ɗan canja siffa, makullin ba ya shiga. Shi ya sa masana suka ƙera wasu a ɗakin bincike: dasatinib a 2006, nilotinib a 2007. Akwai wani sauyi mai taurin kai da ake kira T315I, wanda duk ukun ba sa iya masa, sai da ponatinib ya zo a 2012, shi kuma yana da haɗarin toshe jijiyoyin jini. Kun ga dalilin da ba na son a sayi sabon magani da ka, don kawai wani ya ce ya fi ƙarfi.

In likita ya sauya, tambayi yadda ake sha. Nilotinib ba a haɗa shi da abinci: awa biyu bayan ci, sannan a jira awa ɗaya kafin a sake taɓa tuwo. Dasatinib kuma ba ya jituwa da omeprazole, wannan na gyambon ciki da kusan kowane gida ke ajiyewa.