Masu haɗa 'yan gefen fim aure, ku zo mu yi ta ta ƙare

Wallahi na gaji. Sati ukku ke nan ina karanta abin da sabbin marubuta ka turowa a gurup ɗinmu na nan Gusau, kowa da nashi fanfik, wato ka ɗauko mutanen wani fim ko siris da ba kai ka ƙirƙire su ba ka ci gaba da labarinsu yadda ranka ya so, kuma kuskure guda ake ta maimaitawa kamar karatun allo. To bari in faɗa sau ɗaya, wadda ta ji haushi ta sha ruwan randa.

Ni tun farko jarumi da jaruma ba su dame ni ba, su kowa na rubutu kansu. 'Yan gefe nika so. A wani siris na Indiya da anka fassara da Hausa akwai direban gida, shiru-shiru, da kuma yayar jaruma, bazawara, kullum tana kicin. Sau ukku kacal anka nuna su wuri guda, a na ukkun ta miƙa mishi shayi ya karɓa da hannu biyu bai ko ɗago kai ba. Wanga kofin shayi ya hana ni barci. Daɗin irin wanga haɗi ke nan, masu fim ba su shuka komai a wurin ba, gona ce sabuwa, kuma masu karanta miki ba su da yawa amma ko waƙafi kinka tsallake sai sun gani.

To nan na yi ɓarnar da har yau nika jin kunyarta. Mu 14 ne a ɗan gurup ɗin da na buɗe don rubuta labarin su biyun. Feji na biyu kawai, saboda gaggawa, na buɗe ma direban nan baki ya shiga zuba kalaman soyayya har da su ke ce hasken idona, a feji na huɗu kuma na ce ai ɗan wani attajiri ne ya ɓoye kanshi. Sai ga saƙon murya daga wata Anti a Talata Mafara, babbar mace, ta ce, "Ƙanwata, wanga fa ba direbanmu ba ne, wani kinka ɗauko kinka aza mishi hularshi." Kafin sati ya zagayo mun koma mu biyar. In kan jarumi kika rubutu masu karatu dubu ne, ɗari su tafi ba ki sani ba, amma nan mutane sun zo ne don wanga mutum mai shirun, kin canza shi kin kore su. Kuma don Allah mi ya sa duk talakan da ke cikin labarinku sai ya tashi ɗan mai kuɗi a ƙarshe? Direba ba ya aure ne? Haba jama'a!

Abin da nika yi yanzu, sai na sake kallon wuraren da anka nuna mutum, ko sau goma ne, in ɗauko littafin makaranta in rubuta abin da ba zai taɓa yi ba. Direbana ba ya wuce magana biyu a feji. In yana son ta, ya gyara mata fankar kicin ba ta roƙe shi ba. Wasu sun ce na cika tsanani, to ni haka nika yi.

Kuskurena na biyu kuma asara ce tsagwaronta. Da cikin WhatsApp nika taifin kai tsaye, in tura ma lambar ƙanena in ce na aje. A Satumban 2021 da anka yanke sabis a Zamfara na samu zama na rubuta feji 23 a waya, ba inda zan tura, ban kuma kwafe ko layi guda a takarda ba, rannan ina wanki wayar ta zame daga zanina ta faɗa bokiti. Mai gyara ya buɗe ta ya shanya ya girgiza kai. Na yi kuka kamar an yi min mutuwa, har Inna na tambaya ko wani abu ya samu mai gidan. Tun daga nan biro da takarda ne farko, sannan taifin, sannan in tura ma kaina ta imel, in kuma aje a Wattpad, manhajar nan ta rubuta labarai da karanta su, ko ban sake shi ba.

Sauran ƙanana ne. Ki rubuta sunan mutum biyun da kinka haɗa tun a saman labari, mai nemansu ta same ki, wadda ba ta so ta wuce. Kar ki kai shi babban gurup na masoyan jarumi ki tsaya cacar baki, ba za ki ci ba. In za ki maida Indiyawa Hausawa da lefe da kamun amarya to ki faɗa tun farko. Kuɗi kuma ki bar zancensu, mutanen ba naki ba ne, ko Archive of Our Own, rumbun fanfik ɗin nan da ya ci kyautar adabi ta Hugo a 2019, bai yarda a yi tallar neman kuɗi da labari a cikinshi ba. Sai masu cewa in ban ga kwament hamsin ba na daina, baiwar Allah ku tara ne fa har da ke.

Antin Mafara ta dawo, ita ka fara karanta min kowane feji kafin in sake. Mun kai na 31 a labarin da na sake rubutawa, direba bai ce yana son ta ba har yanzu, jiya dai ya kawo mata sabon kofi.