Kurakuran da masu tara ƙananan 'yan tsanan anime suka fi yi

Ƙananan 'yan tsana masu gaɓoɓi, waɗanda ake ƙerawa bisa siffar taurarin anime, wato finafinan zane na Japan, sun samu masu tara su a ƙasashe da dama tun daga shekarar 2006, lokacin da kamfanin Good Smile ya fito da jerin Nendoroid, Kaiyodo kuma ya fara Revoltech, kafin figma na Max Factory da S.H.Figuarts na Bandai su biyo baya a 2008. Nendoroid mai babban kai ne da gajeren jiki, tsawonsa kusan santimita 10, figma kuwa yana bin tsarin jikin mutum, ya kuma ɗan fi shi tsawo. Duk da wannan bambanci, asarar da sababbin masu tarawa suke tafkawa kusan iri ɗaya ce.

Babbar asara ita ce sayen jabu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa rubutun da ke nuna an ƙera kaya a China shi ne alamar jabu, alhali mafi yawan na asalin ma can ake yin su, ko da yake Good Smile yana da masana'anta a garin Kurayoshi na jihar Tottori a Japan. Abin da ya kamata ya sa mai saye ya dakata shi ne farashin da ya faɗi ƙasa sosai da na kamfani, da kuma mai sayarwar da bai nuna komai ba sai hoton tallan kamfanin. A nemi ya ɗauki hoton ainihin kayan da kwalinsu ta kowane gefe. Kwalin jabu yakan zo da hoto mai dishi-dishi, wani lokaci babu tambarin kamfani sam, kuma da yake kowane Nendoroid da figma yana da lambarsa a jikin kwali, kwatanta lambar da zanen kwalin da abin da ke shafin kamfanin ba ya ɗaukar lokaci. Wasu kayan suna ɗauke da 'yar takarda mai ƙyalli ta masu haƙƙin mallaka, kamar wadda kamfanin Toei mai shirya anime ke liƙawa, amma ba kowane na asali ne ke da ita ba, don haka rashinta kaɗai ba hujja ba ce. Fuska ce ta fi tona asiri: idanun jabu sukan karkace ko su yi kauri, fatar takan yi sheƙi fiye da kima, fenti yakan malala ya wuce iyakarsa, sannan robar kan yi wari mai ƙarfi. Wanda bai riga ya goge ba gara ya tsaya ga shagon kamfanin kansa ko sanannun shaguna irin su AmiAmi da Mandarake.

Wajen kayan haɗi kuma, kuskure biyu ake yi. Akwai mai auna inganci da yawan abin da ke cikin kwali, ya ga fuskoki uku da hannuwa da yawa da takobi ya ce ya yi sa'a, bai duba ko fuskar tana zama daram ba tare da giɓi a goshi ba, ko hannun yana iya riƙe makamin ba tare da ya suɓuce ba. A ganina, 'yar tsana mai kayan haɗi kaɗan waɗanda suke shiga daidai ta fi mai tarin kayan da ba sa tsayawa. Akwai kuma mai sayen na hannu bai ƙirga ba. Hannu guda ko maƙalin madogara idan ya ɓata, samun madadinsa yana da wuya, kuma darajar kayan takan faɗi nan take. AmiAmi yana ba kayan da kwalinsu matsayi daban-daban, inda A a kan kayan ke nufin ba a buɗe ba, kuma yana da kyau a karanta bayanin abin da ya ɓata kafin a biya. A kuma sani cewa wasu ƙananan kayan kyauta ne ga wanda ya saya a shagon kamfani kawai, rashinsu a wani wuri ba ha'inci ba ne.

Gaɓoɓi sukan karye ne a ranar farko, saboda sabuwar gaɓa takan ƙage, mai ita kuma ya murɗa ta da ƙarfi. Maganin shi ne a ɗumama wurin da ruwan ɗumi ko na'urar busar da gashi na ɗan lokaci har robar ta yi laushi, sannan a motsa ta a hankali ta ɓangaren da aka yi ta don lanƙwasawa. Idan za a canza hannu, a ja shi a miƙe. Gaɓar da ta saki kuwa, a cire ta, a shafa mata jan farce marar launi kaɗan, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar, domin wanda ya ɗiga gam a cikin gaɓa ya kashe ta.

Ajiya ce inda yanayinmu ya shigo. Ana yin waɗannan kaya da robar PVC da ABS, kuma PVC tana ɗauke da sinadarin da ke sa ta laushi, wanda yake tsattsafowa idan an daɗe da rufe ta cikin kwali a wuri mai zafi, sai jikin ya yi danƙo. Masu ɓoye kwali shekaru ba buɗewa don kare daraja sukan tarar da haka, kuma zafin bazara a Kano ko Maraɗi yana gaggauta shi, har yana sa ƙafafu su lanƙwashe. Hasken rana yana koɗar da fenti, yana mayar da fari rawaya, ƙurar hunturu kuma tana shiga gaɓoɓi. Kabad mai gilashi nesa da taga, wanda ake buɗewa lokaci-lokaci ya sha iska, shi ne mafi dacewa, a riƙa kaɗe ƙura da buroshi mai laushi. Danƙo yakan fita da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, amma tina da maganin goge jan farce suna cinye fenti.

Saura gaggawa. Kamfanonin suna karɓar oda watanni kafin fitowar kaya, idan kuma suka ƙare farashi yakan haura a hannun 'yan kasuwa, sai sabon mai tarawa ya biya ninki don tsoron kada ya rasa, bayan kuwa sanannun taurari ana yawan sake fitar da su. Kafin a yanke shawara, a haɗa kuɗin jigila daga Japan da na kwastam a lissafi, domin a kan ƙaramin kwali guda suna iya kusan kai kuɗin kayan, shi ya sa masu tarawa suke haɗa oda da yawa a aiko musu lokaci ɗaya.