Kurakuran da Ake Yi Game da Namun Daji Masu Haɗari da Yadda Za a Gyara Su

Idan aka tambayi mutane a Maraɗi wace dabba ce ta fi kashe ɗan Adam a dazuzzukan Afirka, mafi yawansu zaki za su ambata, wasu kuma su ce kura, domin su ne tatsuniya da kirari suka cika mana kunne da su tun muna yara. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa, saboda mutum yana shirya wa abin da yake tsoro ne, ya bar wanda zai cuce shi a bayansa. Zakin Afirka ta Yamma ya kusa ƙarewa, kuma mafi yawan waɗanda suka rage suna cikin manyan gandayen da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, wato Gandun W da Arli da Panjari. Labarin zakuna biyu na Tsavo da suka addabi masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Kenya a shekarar 1898 gaskiya ne, amma irinsa ba ya yawan faruwa, shi ya sa har yau ake maimaita shi. Dabbobin da suka fi jawo makoki a gidaje suna bakin ruwa ne da cikin ciyawa, kuma wasunsu ko nama ba sa ci.

Dorina ita ce misali mafi bayyana. Wanda ya gan ta kwance cikin ruwa, kunnuwa da hanci kaɗai a waje, zai ɗauka wata ƙatuwar dabba ce mai kasala, alhali nauyinta yana haura tan ɗaya da rabi, kuma a kan tudu tana iya gudun da ya kai kilomita 30 a awa, wanda ba kowane saurayi ne zai tsere masa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne shiga tsakaninta da ruwa. Dorina tana fitowa kiwo da dare, ta koma kafin rana ta yi zafi, kuma tana bin turba guda da ta saba. Idan ta firgita ba ta neman wata mafaka sai ruwa, duk abin da ta tarar a kan turbar kuwa za ta bi ta kansa. Saboda haka mai sammakon zuwa fadama ko ɗiban ruwa, idan ya ga faffaɗar turba mai zurfi da ta fito daga kogi, da kashi a warwatse jikin ciyayin gefenta, to ya sani ba hanyar mutane ba ce, ya kauce mata. Idan kuma suka yi kaciɓis, sai ya ratse gefe ya sa itace ko suri tsakaninsu, kada ya ruga bakin kogi, domin can ita ma ta nufa.

A cikin ruwa kuskuren ya fi tsada. A watan Nuwamba na 2014 wata dorina ta kifar da kwale-kwale a kogin Isa kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne 'yan makaranta. Dorina tana iya nitsewa kamar minti biyar ba ta ɗago ba, don haka ruwan da ya yi lum ba shaida ba ce cewa babu ita. Masuntan da suka san aikinsu sukan riƙa buga gefen jirgi da filafili suna tafe, don wadda ke ƙasa ta ɗago kai a ga inda take, sannan su ba ta fili mai yawa, musamman idan akwai ɗanta a kusa ko kuma rani ya janye ruwa garken ya cunkushe a gurbi ɗaya. Hammar da take yi, wadda masu yawon buɗe ido suke rububin ɗaukar hotonta, ba ta barci ba ce. Nuna haure ne, gargaɗi ne ga wanda ya matso. Akwai kuma laifin da ba na dorina ba: jirgin da aka maƙare da kaya da mutanen da ba su iya iyo ba, babu rigar ceto ko ɗaya, ƙaramin karo ma ya ishe shi.

Game da kada, abin da ya fi yaudarar mutanen yankinmu shi ne hotunan da suke gani na Bazule a Burkina Faso da Paga a Gana, inda ake zama kusa da kadoji har a riƙe musu wutsiya. Waɗancan wani jinsi ne na Afirka ta Yamma, wanda bai kai kadan Nilu girma da zafin kai ba, kuma sun daɗe da sabawa da masu ciyar da su. Kadan Nilu, wanda ya cika koguna da tafkunan gabashi da kudancin nahiyar, yana iya kaiwa mita biyar, kuma farautarsa ta kwanton ɓauna ce. Yana lura da wurin da ake zuwa kullum a lokaci guda, ya matso a hankali ƙarƙashin ruwa, ya jira wanda zai durƙusa. Sabo turken wawa: mai wanki ko mai shayar da dabbobi da ya shekara yana tsayawa kan dutse ɗaya bai ga komai ba, shi ne ya fi shiga haɗari. Gyaran shi ne a riƙa sauya mashaya, a ɗebi ruwa da guga mai igiya a ja da baya, a yi wanki da alwala nesa da gaɓa, kada a fere kifi ko a zubar da kayan cikin dabba a inda mutane ke sauka, kuma a bar bakin ruwa da magariba da asuba. A wasu garuruwan akan kafa shingen itace ko na waya cikin ruwa a keɓe wurin wanka, kuma dabara ce mai kyau muddin ana duba shingen bayan kowace ambaliya. Maganar da ake yaɗawa cewa a riƙa gudu ana karkacewa hagu da dama ba ta da amfani, domin kada ba ya bin mutum da nisa a kan tudu. A miƙe kawai a nisanci ruwan.

Giwa kuma kuskurenta na masu mota ne da masu gona. Mai ziyarar Yankari a jihar Bauchi ko wani gandu makamancinsa yakan ga garke ya tare hanya, sai ya matsa da mota, ya danna oda, ko ya fito don hoto ya yi kyau. Giwa ba ta gani sosai, amma hancinta da kunnenta ba su da wasa, kuma biyu ne ba a kusanta ko kaɗan: uwa mai ɗa, da toron da ke cikin lokacin zafinsa, wanda ake ganewa da wani baƙin ruwa mai maiƙo da ke gangarowa tsakanin idonsa da kunnensa, da fitsarin da ke ɗiga a ƙafafunsa na baya. Masu gadin daji sukan bambanta barazana da hari na gaske: idan ta baza kunnuwa tana kaɗa kai tana watsa ƙasa, galibi kora ce, idan ta manne kunnuwa, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai ta taho shiru, to da gaske take. Sai dai wannan ilimin na wanda ya daɗe a daji ne, kuma ba na ba baƙo shawarar ya tsaya gwada shi. Abin da ya dace shi ne ya tsaya nesa tun farko, ya bar wa motarsa hanyar juyawa, ya bi umarnin ɗan rakiya ko da yana ganin ya cika tsoro. Manomin da giwa ta shigar wa gona da dare kuwa, fita shi kaɗai da tocila da sanda shi ne babban kuskure. Hayaƙin barkono da amya ta zuma da aka jera a bakin gona, kamar yadda aka gwada a Kenya, sun fi jarumta amfani, sannan a sanar da ma'aikatan gandun daji.

Ɓauna ba ta buƙatar dogon bayani: kamanninta da saniya ne yake ruɗar mutane, kuma tsohon namijin da ya ware daga garke, ko wadda aka ji wa rauni ta shige duhuwa, ba a bin sawunsu. Idan an haɗu da zaki, gudu ne kuskure, domin gudu yake tayar masa da sha'awar kamu. A tsaya a dunƙule wuri ɗaya, a ɗauki yara, a fuskance shi ana ja da baya sannu a hankali. Kura tana cutar wanda ya kwana a fili ne kusa da ragowar nama. Birai kuma, waɗanda ake miƙa wa biskit ana dariya, cizonsu yana iya ɗauke da cuta; duk cizon biri ko dila ko karen da ba a san shi ba, a wanke shi da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a nemi allurar haukan kare a ranar. Ko raƙuman dawan da aka kai gandun Gadabeji daga Kure a 2018, masu sanyin hali, harbin ƙafarsu yana karya ƙashi.

Amma dabbar da ta fi shafar mutumin Maraɗi, daga Madarunfa zuwa Dakoro, ba ta bukatar ya yi tafiya kafin ya same ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum tsakanin 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A yankin Sahel da dazuzzukan da ke kudu da shi, kububuwa ce kan gaba, har ta sa aka ware asibiti musamman don masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gwambe. Ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da rabi, launinta irin na ƙasa da ɗige-ɗige, kuma idan ta ji motsi takan naɗe ta riƙa goga jikinta yana ba da wani sauti kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi zafi. Kasa kuwa ba ta gudu, kwanciya take yi a kan hanya har a taka ta. Lokacin shuka da noma da kaka ne aka fi samun sara, sa'ad da ake sa hannu ƙarƙashin damin hatsi, ko tarin kara, ko harawar wake da ta kwana a gona. Rigakafin ba shi da tsada: takalmin roba mai tsawo, tocila ga mai fita da dare ko da bayan gida za shi, juya dami da sanda kafin a sa hannu, nisanta tarin itace da rumbu daga ɗakin kwana saboda ɓeraye ne ke jawo macizai, da kuma soke gidan sauro ƙarƙashin tabarma ga mai kwana a ƙasa.

Manyan kurakuran suna zuwa ne bayan saran. Abin da aka saba shi ne a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya, a tsaga wurin da reza, a tsotse, a manna baƙin dutse, a ɗura wa mutum jiƙo har ya yi amai. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke fitar da dafi. Ɗaurin yana hana jini zagayawa har ƙafar ta mutu a yanke ta, tsagar kuma ta fi muni idan kububuwa ce, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai ƙaramar tsaga ta yi ta zuba ba tsayawa. Yaudarar da ke cikin saran kububuwa ita ce mutum yana iya wuni har ya kwana yana magana yana cin abinci, kumburi kawai ake gani, dangi su ce maganin gida ya kama. Sai daga baya jini ya fara fitowa daga dasashi, a fitsari, ko daga wani tsohon miki, wani lokaci kuma ya zuba a cikin kai. Ba don raina masu maganin gargajiya nake faɗa ba, amma sunan da wasunsu suka yi ya samo asali ne daga cewa ba kowane maciji ne mai dafi ba, kuma mai dafin ma ba kullum yake zuba shi ba, don haka da yawan waɗanda suka warke a hannunsu da ma za su warke.

Abin da ya kamata a yi kaɗan ne. A janye mutum daga inda macijin yake, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da munduwa da agogo da takalmi kafin kumburi ya kama su, a ɗora wa ƙafar ko hannun kara ko katako a naɗe sako-sako don kada ya motsa, sannan a ɗauke shi a amalanke ko a kabu-kabu, wani na riƙe da shi ta baya, zuwa asibiti mafi kusa, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa. Idan yana amai a kwantar da shi ta gefen hagu. Don zafi a ba shi farasitamol kaɗai. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saye a teburin kasuwa, ƙara zubar jini suke yi. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin, hoto daga nesa ya isa in ya samu, kuma kan da aka sare yana iya sara ko bayan an raba shi da jiki. A asibiti akan zuba jinin majiyyaci cikin busasshiyar kwalba mai tsabta a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, an san dafi ya shiga, kuma allurar kashe dafi ce maganinsa. Tun da ba kowane asibitin karkara ne yake ajiye ta ba, yana da kyau mai gari ko shugaban ƙungiyar manoma ya bincika tun kafin damina inda ake samunta da kuɗinta, a riƙe lambar wayar ma'aikacin wurin. Idan kuma macijin nan mai tofi ne ya fesa wa mutum dafi a ido, kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon yana buɗe na tsawon lokaci, sannan a kai shi likita ya duba ko dafin ya ƙona ƙwayar idon.